Kaki, baƙar riga ko farar riga: wanne ya fi wuyar samu?

Da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, ko an buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda, sai musun wanne ya fi wuya tsakanin zama ɗan sanda, lauya ko likita ya taso a gidaje da majalisu. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye da ɗalibai suka fi yi, amsoshin kuma a kan tsarin Najeriya suke.

Idan shekaru kawai za a ƙirga, wa ya fi daɗewa?

Likita, babu ko tantama. Shekara 6 yake yi a jami'a, ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya tafi hidimar ƙasa. Lauya shekara 5 ne a jami'a, sai kusan shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, shi ma ya yi hidimar ƙasa. Kurtun ɗan sanda kuwa, a ɗaukar 'yan shekarun nan, wata 6 yake yi a kwaleji a yaye shi.

Wannan lissafin takarda ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8, don haka wanda ya ratsa ta cikin su biyun ya san shidarsa ba ta tsaya a shida ba.

To ai mun ji a Wudil shekara biyar ake yi.

Haka ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Ƙofar shiga aikin ɗan sanda ba ɗaya ba ce. Makarantar horas da 'yan sanda ta Wudil da ke jihar Kano jami'a ce: shekara 5, mutum ya fito da digiri da muƙamin ASP, wato mataimakin sufurtanda. Wannan hanyar hafsoshi ce, kuma 'yan kaɗan ke bin ta. Mafi yawan waɗanda kake gani a shingen bincike, ko a kantar caji ofis, ko a motar sintiri, ta kwalejojin kurata suka shigo, irin su na Kaduna, Maiduguri, Ikeja da Oji River. Idan ana maganar horon ɗan sandan da talaka ke haɗuwa da shi kullum, maganar wata shidan nan ake yi.

Wace ƙofa ce ta fi ƙunci wajen shiga?

Kowacce da abin da take tacewa. Likitanci maki yake tacewa: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks a JAMB, kuma hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin likitocin da za ta horar. Shi ya sa yaro zai ci maki mai kyau amma a tura shi wani sashen da bai taɓa mafarki ba. Shari'a ma tana da nata ƙayyadadden adadi, ga Adabin Turanci da yake kayar da yara da yawa tun daga sakandare.

Ɗan sanda kuwa jiki ake fara dubawa. Shekara 18 zuwa 25, kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, tsawo mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace, ƙirjin namiji kuma ya kai santimita 86. Gwame ko in'ina na iya sa a mayar da kai gida. Ka ga wanda zai iya zama babban likitan tiyata yana iya faɗuwa a gaban ma'aunin tsawo, kuma babu gyaran da zai yi a kai.

Me ke karya ɗalibin likitanci?

Yawan karatun, da kuma rashin yafiyar tsarin. Bayan shekarar farko ta kimiyya, sai a shiga ilimin sassan jiki, da yadda suke aiki, da sinadaran da ke cikinsu. A nan ne yaro ɗan shekara goma sha tara zai tsaya a kan gawa da wuƙa a hannu, warin maganin adana gawa yana sa shi hawaye, ana so ya san kowace jijiya da sunanta da inda ta dosa. Ƙarshen wannan zangon akwai jarrabawar da ɗalibai ke kira MB ta biyu, wadda ita ce rariyar gaske. Makin ci 50 ne. Ka faɗi, a ba ka damar gyara. Ka sake faɗuwa, ka maimaita aji. Ka ƙara, a ce ka nemi wani sashen, bayan ka zuba shekara uku ko huɗu.

Wanda ya tsallake sai ya koma asibitin koyarwa, irin na Shika, ko na Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato ko Maiduguri. Can kuma gaban gadon mara lafiya ake yi maka tambaya, babban likita na kallon ka, 'yan ajinku na kallon ka, mai jinya ma na saurare. Hutun da sauran ɗalibai ke tafiya, su sau da yawa labarinsa kawai suke ji.

Shekarar sanin makamar aiki wata uku-uku ce a sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Ana kwana a asibiti a wayi gari a ci gaba da zagayen marasa lafiya. Wanda kuma yake son zama ƙwararre yana da wasu shekaru 4 zuwa 6 ko fiye a gabansa, da jarrabawa hawa uku. Ba abin mamaki ba ne mutum ya haura 35 yana karatun jarrabawa, 'ya'yansa na nasu a gefe. Waɗanda suka karanto a Sudan ko Masar su ma sai sun zauna jarrabawar MDCN kafin su taɓa mara lafiya a nan.

Lauya fa? Wasu na cewa surutu ne kawai da haddar sassan doka.

Mai faɗin haka bai kwana a Bagauda ba. Makarantar lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a 1963, yanzu hedikwatarta na Bwari, ga rassa a Legas, Inugu, Bagauda, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Darussa biyar ne: ƙarar farar hula, ƙarar laifi, harkar filaye da gidaje, harkar kamfanoni, da ladubban aikin. Ana tura ɗalibi kotu da ofishin lauyoyi na wasu makonni, sai ya dawo ya fuskanci jarrabawa guda da ke yanke hukunci a kan duk shekarunsa shida. An daɗe ana bin tsarin da mafi ƙarancin makinka shi ne matsayinka, wato ka yi fice a huɗu, na biyar ya ja ka ƙasa. Ga baƙi da fari kullum, ga liyafar cin abinci sau uku da dole ka halarta kafin a kira ka a matsayin cikakken lauya (gadon Ingila ne, har yau ba a yar ba). Wanda ya yi BUK ko ABU ko Danfodiyo a ɓangaren da ya haɗa da shari'ar Musulunci, nasa kayan ninki biyu ne tun daga jami'a.

Amma a ganina wuyar lauya ta gaske bayan an sa masa hular take farawa. Likita sabon fitowa yana da albashi, ɗan sanda ma haka. Sabon lauya kuwa yana iya shekaru yana ɗaukar wa maigidansa fayil a kan abin da bai kai kuɗin mota ba. Sai ya shekara 10 da kira kafin ya cancanci zama alƙalin babbar kotu ko ya nemi SAN, wato muƙamin babban lauyan Najeriya, 15 kafin Kotun Ƙoli.

Me ake iya koya wa mutum a wata shida?

Fareti, motsa jiki tun kafin asuba, riƙe bindiga da harbi, biyayya ga umarni, rubuta rahoto, da gutsuren dokokin laifi. Ba a raina wahalar: rana, aski, tsallen kwaɗo, abincin da ba ka zaɓa ba. A 2013 da gidan talabijin na Channels ya nuna halin da kwalejin Ikeja ke ciki, sai da Shugaba Jonathan ya je da kansa ya gani. 'Yan kwantar da tarzoma kuma suna da ƙarin horo a sansanoni irin na Gwoza.

Sai dai dubi abin da ake damƙa masa ranar da ya fito. Ikon tsayar da kai, ya caje ka, ya sa maka ankwa, ya ɗaga bindiga. Ana so ya san cewa sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ya san dokar 2015 ta gudanar da shari'ar laifi ta hana kama wani a madadin wani, dokar 2017 ta haramta azabtarwa, ta 'yan sanda ta 2020 kuma ta zo da nata ƙa'idojin. Lauya yana da mako guda ya buɗe littafi a kan tambayar da shi kurtu zai amsa cikin daƙiƙa biyar, da dare, a bakin titi, ana yi masa ihu. Wanda ya fi kowa ƙarancin lokacin horo a cikin ukun shi ne wanda doka ta fara bi ta hannunsa. Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai, fiye da musun wa ya fi shan wuya.

Ko'ina haka ake yi?

A'a. A Finlan da Nowe karatun ɗan sanda digiri ne na shekara 3. Amurka ta fi kama da mu: horon farko bai cika wuce wata biyar zuwa shida ba, alhali lauyansu shekara 7 yake yi, likita 8 kafin ya shiga neman ƙwarewa.

Bayan an fito, wa ke sa ido?

Sabon likita rajistar wucin gadi ake ba shi, sai manya sun sa hannu cewa ya kammala shekararsa kafin ya samu cikakkiya, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisi da shaidar ƙarin ilimi. Lauya yana da kwamitin ladabtarwa da zai iya goge sunansa daga rajistar Kotun Ƙoli. Ɗan sanda ba shi da lasisi. Ladabtar da ƙananan ma'aikata a cikin gida ake fara ta, sai kuma Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. Sauran koyonsa a hannun sajen da aka haɗa shi da shi yake, kuma halin da ya tarar a ofishin nan shi zai ɗauka, mai kyau ko akasi.

Mutum zai iya haɗa biyu?

Ana yi. Rundunar tana ɗaukar likitoci a matsayin ƙwararru don asibitocinta, kuma Wudil kanta tana da tsangayar shari'a. Akwai kuma masu karanta dokar suna cikin kaki, kamar Solomon Arase, Sufeto Janar daga 2015 zuwa 2016, wanda ya fara da kimiyyar siyasa a ABU, daga baya ya yi digirin shari'a a Jami'ar Benin. Haɗa likitanci da shari'a ma yana yiwuwa, sai dai ka tanadi shekara goma sha biyu ko fiye, da wanda zai riƙe maka cefanen gida.