Magungunan Ciwon Ɓarin Kai: Karonsu da Sauran Magunguna da Abinci

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migiren, ciwo ne mai zuwa yana tafiya. Yawanci gefe ɗaya na kai yake kamawa, yana sara daidai da bugun zuciya, tare da tashin zuciya ko amai, mai shi kuma ba ya son haske ba ya son ƙara. In ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Magungunan da aka yi musamman don yanke shi iri biyu ne suka fi shahara: ergotamine, da kuma dangin triptan waɗanda sumatriptan ne babbansu. Dukansu suna matse jijiyoyin jini, kuma dukansu suna iya zama haɗari idan suka tarar da wani magani a jiki. An bar sunayen yawancin magunguna a nan yadda ake buga su a jikin kwali, don mai karatu ya gane su idan ya gani.

Asalinsu

Ergotamine daga wata fumfuna aka samo shi, mai tsirowa a zangarniyar wani hatsi dangin alkama da ake nomawa a Turai. Ɗaruruwan shekaru mutanen can suna cin burodin da ta gurɓata, yatsunsu su yi zafi kamar wuta, su baƙe, su guntule, har aka laƙaba wa cutar suna wutar Waliyyi Antoni. A 1918 Arthur Stoll na kamfanin Sandoz a Suwizalan ya tace sinadarin shi kaɗai, daga baya aka gane cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana kwantar da ciwon ɓarin kai. Fitaccen sunansa na kasuwa shi ne Cafergot, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 1 na ergotamine da miligiram 100 na kafeyin.

Sumatriptan ɗan baya-bayan nan ne. Masana na kamfanin Glaxo a Ingila ƙarƙashin Patrick Humphrey suka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a 1991 da sunan Imigran, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Bayansa aka yi zolmitriptan, rizatriptan, eletriptan da wasu.

Ergotamine da hanta

Nan ne haɗarin ya fi girma. A hanta da bangon hanji akwai wani sinadari mai suna CYP3A4 wanda aikinsa farfasa magunguna don jiki ya fitar da su. Shi ke cinye mafi yawan ergotamine tun kafin ya kai ga jini, shi ya sa ƙwaya ɗaya ba ta yin ɓarna ga mai lafiya. Idan wani magani ya toshe wannan sinadari, ergotamine sai ya taru, ya matse jijiyoyin hannu da ƙafa ya ƙi saki, tsohuwar cutar nan ta Turai ta dawo a jikin mutum ɗaya.

Masu toshewar sanannu ne. Akwai clarithromycin da erythromycin cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Akwai ƙwayoyin ketoconazole da itraconazole da ake sha don cututtukan fata da na farce. Mafi ƙarfinsu kuwa ritonavir ne, wanda ake haɗawa da lopinavir ko atazanavir a ba masu cuta mai karya garkuwar jiki idan magungunan farko sun daina aiki. An ga mutanen da suka sha ƙwaya ɗaya ko biyu kacal ta ergotamine a kan ritonavir, jinin ƙafarsu ya tsaya, wasu har aka yanke musu yatsu ko ƙafa. Dolutegravir, wanda yawancin masu karɓar magani a Nijeriya ke sha a matakin farko, ba ya wannan toshewa, amma marar lafiya ba kullum yake sanin wanne ke cikin kwalbarsa ba, don haka tambayar asibitin da ke ba shi magani wajibi ce.

Yanayin Legas yana ƙara wa lamarin nauyi. Mutumin da ke Agege ko Mil 12 ko Alaba Rago, kansa na sarawa, ga cunkoson motoci tsakaninsa da asibiti, kemis ɗin bakin layi zai nufa. Mai kemis zai ba shi abin da ya tambaya. Wanda ke shan maganin garkuwar jiki kuwa da wuya ya faɗa a gaban mutane, a unguwar da kowa ya san gidansu da garin da ya fito. Wannan kunyar abin fahimta ce, amma tana iya jawo asarar ƙafa, kuma hanyar tsira mai sauƙi ce: mai shan ritonavir kada ya kusanci ergotamine ko kaɗan, ko da bai gaya wa kowa dalili ba. Haka mai gyambon ciki. Kwalin maganin olsa mai ƙwayoyi iri uku da ake sha mako ɗaya ko biyu yawanci akwai clarithromycin a ciki, kuma toshewar ba ta gushewa ranar da aka gama shan maganin, takan ɗauki kwanaki.

Alamun da ke nuna an shiga haɗari su ne sanyin yatsu da mutuwarsu, fata ta yi fari ko shuɗi, ciwon ƙwauri idan ana tafiya, ko ciwon ƙirji. Wannan ba abin gasawa da ruwan zafi a gida ba ne. A daina shan maganin, a tafi sashen gaggawa na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, a kuma tafi da kwalayen duk abin da aka sha. Taba sigari da magungunan mura masu buɗe hanci irin su pseudoephedrine suna ƙara matse jijiya, haka ma maganin hawan jini propranolol idan ya haɗu da ergotamine.

Dangin triptan

Waɗannan sun fi ergotamine aminci, amma suna da nasu ƙa'idojin. Ta farko ita ce tazara: kada a sha triptan sai an cika awa 24 da shan ergotamine, kada kuma a haɗa triptan iri biyu a cikin yini ɗaya. Kuskuren da aka saba yi shi ne mutum ya sha Cafergot da safe, ciwon bai sauka ba, da la'asar wani ya miƙo masa sumatriptan. Ƙa'idar shan sumatriptan ita ce miligiram 50 ko 100, in ciwon ya lafa ya dawo a ƙara bayan awa 2. In ƙwayar farko ba ta yi komai ba, ta biyu ma ba za ta yi ba a wannan karon. Mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, ba a ba su triptan ko ergotamine.

Kowane ɗan gidan da hanyar da yake bi ya fita daga jiki. Sumatriptan da rizatriptan wani sinadari mai suna MAO-A ke farfasa su, don haka ba a shan su tare da magungunan da ke toshe shi, irin su moclobemide na ciwon damuwa, sai an yi mako 2 da dainawa. Linezolid, wanda ake ba masu tarin fuka mai bijire wa magani, shi ma yana taɓa wannan sinadari. Eletriptan hanyar ergotamine yake bi, shi ya sa ake jiran awa 72 bayan clarithromycin ko ketoconazole ko ritonavir. Mai shan propranolol, wanda ake bayarwa don hawan jini ko don rage yawan zuwan ciwon kan, rizatriptan mai miligiram 5 zai sha maimakon mai 10, domin propranolol yana ɗaga yawansa a jini da kimanin kashi 70 cikin 100. Zolmitriptan kuma ana taƙaita shi a miligiram 5 a yini ga mai shan cimetidine na olsa ko ciprofloxacin na kashe ƙwayoyin cuta. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai, ganin yadda duk ciwon kai a Legas ake fara ɗora shi a kan malariya da taifod, a sayi ciprofloxacin ba gwaji.

Sai batun serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 2006 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa haɗa triptan da magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da sertraline na iya jawo taruwar serotonin: zazzaɓi, zufa, rawar jiki, fizgar tsoka, gudawa da ruɗewa. Bincike na baya ya nuna abin ba ya yawan faruwa, kuma likitoci da dama suna haɗa su tare da lura, saboda haka mai shan maganin damuwa kada ya yanke shi da kansa don tsoro. Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne tramadol. Shi ma yana ɗaga serotonin, yana kuma iya jawo farfaɗiya, kuma ƙwayoyin da ke yawo a hannun 'yan acaɓa da 'yan dako sukan ninka miligiram 50 da 100 da hukumar NAFDAC ta amince da su. Saurayin da ya sha irin wannan da asuba don ƙarfin aiki, ga amitriptyline, maganin damuwa da ake kuma bayarwa don rigakafin ciwon kan, da aka rubuta masa na dare, ya ɗora sumatriptan da rana, ya tara abubuwa uku a kan hanya ɗaya. Tramadol ɗin ma ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne, ƙara yawansa yake yi.

Abinci da abin sha

Abincin da ke karo da waɗannan magunguna bai kai yadda ake zato ba. Babba a ciki shi ne garehul, lemon nan mai ɗaci-ɗaci da masu tallar kayan marmari a Legas ke kira girep. A 1989 David Bailey da abokan aikinsa a Kanada suka gano, ba da niyya ba, cewa ruwansa yana ɗaga yawan wani maganin hawan jini a cikin jini, daga baya aka gane cewa CYP3A4 na hanji yake lalatawa. Jiki sai ya ƙera sabo, abin da ke ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku, don haka raba lokacin shan lemon da na ƙwaya da 'yan awoyi ba ya wadatarwa. Mai shan ergotamine ya bar shi gaba ɗaya, mai shan eletriptan ma gara ya bar shi. Lemon zaƙi ba ya wannan aiki. Sumatriptan kuwa ba ruwansa da garehul, kuma ana iya shan sa da abinci ko babu.

Kafeyin ya fi kusa da rayuwar Bahaushe. Kasuwancin goro na cikin abin da ya zaunar da Hausawa a Agege, kuma har yau akwai dattawan da ba sa wuni ba goro a baki. Goro yana da kafeyin, shayin teburin mai shayi yana da shi, haka kofi da lemukan ƙara kuzari. Ƙwayar Cafergot ɗaya ta kai kofin kofi guda, Panadol Extra yana da miligiram 65 a kowace ƙwaya, garin Alabukun ma asfirin ne da kafeyin. Idan aka tara su a yini ɗaya sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu ya yi rawa, barci ya ƙaurace, rashin barci kuma yana tayar da ciwon. Ciprofloxacin yana jinkirta fitar kafeyin daga jiki, sai abin ya daɗe. Wanda jikinsa ya saba da shi kuwa, ranar da ya rasa sai kai ya sara. Wannan na cikin dalilan da ciwon kai ke yawaita a kwanakin farko na azumi, tare da yunwa da ƙishirwa da sauyin barci. Rage goro da shayi a hankali tun watan Sha'aban yana taimakawa, kuma mai shan maganin rigakafi kullum ya shirya lokutansa da likita kafin a ga wata.

Giya tana tayar da ciwon ga mutane da yawa, tana kuma ƙara mayen barcin da amitriptyline ke sawa. Jiƙe-jiƙen gargajiya da agbo da ake sayarwa a tashoshin mota, wasu da barasa ake jiƙa su kuma ba su da takardar abin da ke ciki, a lissafa su cikin magani idan likita ya tambaya. Maganar cewa magi ne ke kawo ciwon ba ta samu hujja mai ƙarfi ba. Tsallake abinci ya fi shi tabbas.

Akwai wani abu da ciwon kansa ke yi wa ciki: yana rage saurin wucewar abinci zuwa hanji, sai ƙwaya ta zauna ba ta aiki. Shi ya sa ake son a sha magani da zarar ciwo ya fara, wani lokaci likita ya haɗa da metoclopramide don ya tsayar da amai ya kuma tura ƙwayar gaba.

Masu rage zafi da yawan sha

Yawancin mutane da asfirin, ibuprofen, diclofenac ko farasitamol suke fara yaƙi da ciwon. Ukun farko dangi ɗaya ne, haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi sai haɗarin zubar jini a ciki, musamman ga mai olsa ko mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuma suna rage ƙarfin wasu magungunan hawan jini. Haɗa ɗaya daga cikinsu da sumatriptan kuwa abu ne da likitoci ke yi da gangan. Ƙa'idar da ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta kafa ita ce: shan triptan, ergotamine, tramadol ko ƙwaya mai haɗi da kafeyin kwana 10 ko fiye a wata, ko farasitamol da ibuprofen kwana 15, har tsawon fiye da wata 3, yana mayar da ciwon ya zama na kusan kullum.

Mata

Ciwon ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza. Ergotamine yana matse mahaifa, ɗan'uwan ergometrine ne da ungozoman asibiti ke yi wa mai haihuwa allurarsa don tsayar da jini, saboda haka haramun ne a likitance ga mai ciki da mai shayarwa. Sodium valproate, da ake bayarwa don rigakafin ciwon, yana naƙasa ɗan tayi. Topiramate ma yana iya cutar da ɗan tayi, kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, musamman daga miligiram 200 a yini. Matar da ke ganin walƙiya ko wasu zane-zane a idonta kafin ciwon ya sauka, ƙwayar tazara mai sinadarin estrogen tana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan ta je asibitin tsarin iyali ta ambaci wannan walƙiyar ko ba a tambaye ta ba, domin akwai allura da ashanar hannu da robar mahaifa waɗanda ba su da estrogen.