Dangwala yatsa a takardar masu bincike ba sayar da kai ba ne

Kwanan nan wata magana ke yawo a Daura, daga majalisa har gidajen suna: wai duk wanda ya dangwala yatsa a takardar masu binciken lafiya ya sayar da jininsa, ba shi da sauran bakin magana. Gwaggona da ta ga baƙi da takardu a ƙofar gida, sai ta kora jikokinta ɗaka ta saki labule.

Ban ga laifinta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75.

Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk asibiti ko cibiyar da ake bincike a cikinta dole ta kasance da kwamitin da ke tantance aikin kafin a taɓa kowa, kuma yana da ikon cewa a'a. Kwamitin ƙasa da ke sa musu ido har wakilan addinin Musulunci da na Kirista yake da su. Yaro kuwa sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa.

Takardar nan da ake tsoro shaida ce cewa an yi maka bayani: me za a yi, wace illa ka iya biyowa, ina za a kai jinin. Nauyi take ɗora wa mai binciken. Ko ka dangwala yau, gobe kana iya cewa ka fasa, kuma ba wanda zai hana ka magani a asibiti saboda haka. Izinin mai unguwa ko dagaci yana buɗe ƙofar gari ne kawai, ba ya maye gurbin naka.

Inda abin ke damuna shi ne dokar ta dogara da rubutu, alhali gwaggona ba ta karanta boko, kwamitin kuma yana can birni. Don haka in sun zo, ku ce a karanta muku da Hausa gaban wanda kuka yarda da shi, a nuna takardar amincewar kwamiti, a bar muku kwafi mai lambar wayar da za ku kai ƙorafi.