Maigida, ka raka ta asibiti a duba ku tare

Idan ma'aurata suka shekara suna saduwa ba tare da tsarin iyali ba, kuma ciki bai shiga ba, lokacin ganin likita ya yi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma a wajen rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala daga ɓangaren namiji. Amma wa muke gani a asibiti? Mace ita kaɗai, riƙe da leda cike da takardun hoton mahaifa da na gwajin jini, ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji, dangin miji na ce mata juya. Abin yana ci mini rai.

Ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Kauri ko yawan maniyyi ba sa nuna komai ga ido; sai an sa shi a madubin likita. Ma'aunin da hukumar ta fitar a 2021 ya nuna ana son a samu aƙalla ƙwayoyin haihuwa miliyan 16 a kowace mililita ta maniyyi, kuma kashi 30 cikin 100 su riƙa iyo suna yin gaba.

Wannan iyon kuwa yana da alaƙa da maiƙo. Fatar da ta lulluɓe ƙwayar maniyyi cike take da wani maiƙo mai laushi da ake kira DHA, dangin omega-3 da ake samu a man kifi, wanda ke ba ta damar lanƙwasa jela da haɗuwa da ƙwan mace. Maiƙon ba ya jure wahala. Kamar yadda man gyaɗa ke lalacewa idan ya daɗe a buɗe cikin rana, haka hayaƙin taba, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, da kumburin jijiyoyin maraina ke lalata shi. In ya lalace yakan bar wani sinadari mai suna MDA, kuma bincike ya sha nuna cewa mazan da ƙwayoyinsu ba sa motsi sosai sukan fi yawan MDA, da ƙarancin DHA. Shi ya sa masana ke auna waɗannan sinadarai, ko za su bayyana dalili a inda gwajin da aka saba ya fito lafiya lau amma haihuwa shiru. Har yanzu aikin yana matakin bincike, don haka kada wani mai tallan magani a mota ya sayar maka da ƙwayar man kifi da sunan maganin haihuwa. Cin kifi irin su sadin da titus yana da kyau, amma ba ya buɗe hanyar maniyyi idan ta toshe.

Gwajin maniyyin da ke hannunmu a yau mai sauƙi ne, babu allura. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba ka kwalba mai tsabta, a kai samfurin ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Ka faɗa wa likita idan ka taɓa yin hangum bayan ka balaga, ko kana yin allurar testosterone, wato sinadarin mazakuta, domin ita rage ƙwayoyin take yi. Idan sakamakon farko bai yi kyau ba, kada hankalinka ya tashi: jiki na ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, zazzaɓi mai zafi ma kan rage su na ɗan lokaci, saboda haka akan maimaita gwajin bayan kamar wata 3 kafin likita ya yanke hukunci.