Waiwaye: Sabar da Aka Haifa da Faci

A 1994 Rob McCool ya bar cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois da ke Amurka, manhajar sabar da ya rubuta, wato wadda ke miƙa shafukan intanet ga masu buɗe su, ta zama marainiya. Masu shafukan intanet da suka dogara da ita sai kowa ya riƙa ɗinke ɓarakar da ya gani, suna aika wa juna gyaran ta imel. A 1995 suka tattara facin wuri guda, sabuwar manhajar saba mai suna Apache ta fito. Har an daɗe ana cewa an samo sunan ne daga wasa da kalmar faci a Turanci, ko da yake gidauniyar Apache ta ce don girmama ƙabilar Apache aka sa shi.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya duba lambobin da aka rubuta ta da su, kan ce idanu da yawa na kallon lambobin, kuskure ba zai ɓuya ba. Afrilun 2014 ya rage wa wannan magana kaifi. Aka gano ɓarakar da ake kira Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda Apache da takwararta Nginx ke rufe sirrin bayanai da ita. Ɓarawo zai aika wa sabar 'yar gajeriyar kalma, ya yi ƙaryar tsawonta, ita kuwa ta mayar masa da har kilobayit 64 na abin da ke ƙwaƙwalwarta, da kalmomin sirri da komai. Shekara biyu ramin yana buɗe. Sai a lokacin duniya ta san cewa 'yan tsirarun mutane ne ke riƙe da OpenSSL, gudummawar da ake ba su kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara.

Amma ni a ganina, babbar matsalar ba a wurin masu ɗinki take ba. A Maris 2017 aka fitar da facin Apache Struts, wata manhajar daban ta gidauniyar Apache. Kamfanin Equifax, mai tattara bayanan bashin mutane, bai ɗora ba. A watan Mayu masu kutse suka shiga, suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Magani na kan tebur, majinyaci bai sha ba.

Gaggawa ma da nata. A Oktoban 2021 aka bayyana cewa a Apache samfurin 2.4.49, in mutum ya rubuta %2e a madadin ɗigo cikin adireshin shafi, zai iya leƙa fayilolin da ba nasa ba. Ranar 4 ga wata aka saki 2.4.50. Facin bai kama ba, masu bincike suka zagaye shi. Kwana uku bayan nan aka sake fitar da 2.4.51.