Haraji da kula da gida ga baƙin da suka mallaki gidaje a Faransa

Faransa na cikin ƙasashen Turai da baƙi suka fi sayen gidajen karkara a cikinsu. 'Yan Birtaniya da Holan da Beljiyam sun daɗe suna sayen tsofaffin gidajen gona na dutse a yankunan Dordogne da Charente da Bretagne da Normandie, inda kuɗin ɗaki biyu a Landan kan sayi gida da fili. Masu irin waɗannan gidaje kashi biyu ne a idon hukuma: waɗanda suka tare suka zama mazauna, da waɗanda gidan na hutu ne kawai. Tun daga 1 ga Janairun 2021, ɗan Birtaniyar da ba shi da biza ko katin zama ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ba a binciken fasfo a iyakokin tsakaninsu, ba, don haka gidaje da yawa kan kwana a kulle wata da watanni. Galibin matsalolin haraji da na gyara daga nan suke tasowa: takarda ta zo babu mai karɓa, sanyi ya shigo babu mai dubawa.

Wane ne mazauni a wajen ofishin haraji

Baƙi kan riƙe lissafin kwana 183 kamar shi ne dokar gaba ɗaya, alhali sashe na 4 B na kundin harajin Faransa ya fi haka faɗi. Abu ɗaya cikin uku ya isa a ɗauki mutum mazauni: iyalinsa ko babban mazauninsa na Faransa, ko a can yake babbar sana'arsa, ko a can cibiyar dukiyarsa da kuɗin shigarsa take. Magidancin da ke aiki a wata ƙasa amma matarsa da 'ya'yansa na zaune a Faransa, yana iya faɗawa cikin lissafin ko da bai cika rabin shekara a ƙasar ba.

Mazauni yana bayyana duk abin da ya samu a duniya, tsakanin Afrilu da farkon Yuni. Babban fom shi ne mai lamba 2042. Kuɗin da ya fito daga waje, kamar fansho ko hayar gidan da mutum ya bari a ƙasarsa, yana shiga fom 2047. Wanda aka fi mantawa shi ne 3916, na asusun bankin da ke ƙasar waje. Ba a tambayar ko nawa ne a ciki. Samuwar asusun kawai ake son sani, kuma tarar ɓoye shi yuro 1,500 ce a kan kowane asusu a kowace shekara. Tsohon asusun ajiya da mutum ya buɗe tun yana ɗalibi ya manta da shi, shi ma yana ciki. A shekarar farko akan cike fom na takarda a kai ofishin harajin yankin, daga nan a ba mutum lambar haraji mai alƙaluma 13 wadda zai riƙa shiga shafin intanet na hukumar haraji da ita. Ofishin ba ya aiko wa sabon zuwa da tunatarwa, kuma shirunsa ba yafewa ba ne.

Bayyanawa ba ta nufin biya sau biyu. Yarjejeniyar haraji da Faransa da Birtaniya suka sa wa hannu a 2008 ta raba hurumi: fanshon aikin gwamnati da hayar gidan da ke Birtaniya a can ake cire musu haraji, fanshon tsufa na ƙasa kuwa a Faransa. Amma har wanda aka riga aka biya a can sai an rubuta shi a nan, domin da shi ake gane matakin da sauran kuɗin zai hau. Ba'amurke kuma nauyinsa biyu ne, tunda ƙasarsa na bin 'yan ƙasa da takardar haraji duk inda suke, har da bayyana asusun waje idan jimillarsu ta haura dala 10,000.

Harajin gida iri biyu

Na farko shi ne taxe foncière, harajin mallaka. Yana kan wanda ke da gidan ranar 1 ga Janairu, ko yana ciki ko ba ya ciki. Takardar kan fito a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, a biya zuwa tsakiyar Oktoba, kuma a garuruwa da yawa kuɗin kwasar shara na cikinta. Tushen lissafin shi ne ƙiyasin abin da gidan zai kawo in an ba da shi haya, ƙiyasin da asalinsa na 1970 ne ana ɗaga shi shekara-shekara. A ɗauki rabinsa, a ninka da kason da hukumar garin ta yanke. Shi ya sa gidaje biyu masu girma ɗaya a ƙauyuka maƙwabta kan sha bamban sosai. Idan an sayar da gida a tsakiyar shekara, mai rubuta cinikin, wato notaire, kan raba kuɗin tsakanin mai saye da mai sayarwa, amma wannan sulhu ne tsakaninsu. Ofishin haraji mai gidan 1 ga Janairu kawai ya sani.

Na biyu shi ne taxe d'habitation, harajin zama. An soke shi a kan gidan da mutum ke zaune dindindin tun 2023, kuma wannan labari ya ruɗi baƙi da dama, domin gidan hutu bai shiga sokewar ba. Ana biyansa a tsakiyar Disamba. A garuruwan da gidaje suka yi ƙaranci, kamar bakin teku da wuraren yawon buɗe ido, majalisar gari na da ikon ƙara kashi 5 zuwa 60 cikin ɗari a kai. Daga 2023 ɗin kuma aka wajabta wa kowane mai gida ya shiga shafin hukumar ya faɗi wanda ke cikin gidan da matsayinsa. Rashin yi na iya jawo tarar yuro 150 a kowane gida. Duk harajin da ya wuce yuro 300 ba a biyansa da ceki ko tsabar kuɗi, sai ta intanet ko cirewa daga asusu, kuma jinkiri na jawo ƙarin kashi 10 cikin ɗari. Ga wanda ba ya nan, sa a riƙa cirewa kai tsaye daga banki ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Abin da aka gina yana komawa kan takardar haraji. Rumfar ajiya a lambu da ta wuce murabba'in mita 5 sai an sanar da ofishin magajin gari, kuma akan biya harajin gini sau ɗaya. Idan ta wuce 20 a yawancin wurare sai da cikakken izini. Tafkin wanka da ya wuce murabba'in mita 10 shi ma sai an sanar da ofishin magajin gari. Bayan an gama aiki, kwana 90 ake da su a shaida wa ofishin haraji. A da mutane kan yi shiru, amma a 2022 hukumar ta sanar cewa ta hanyar hotunan sama da kwamfuta ta gano tafkunan wanka sama da 20,000 da ba a bayyana ba a larduna tara kacal, daga baya aka faɗaɗa binciken zuwa ƙasar baki ɗaya.

Gyaran da doka ta wajabta

A Faransa wasu ayyukan kula da gida ba ganin dama ba ne, kuma shaidarsu takarda ce. Bututun hayaƙin murhun itace sai ƙwararre ya share shi aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu lardunan ma sau biyu, ɗaya a cikin lokacin da ake hura wuta. Dalilin shi ne kunkunniya mai kama da kwalta da ke maƙalewa a bangon bututu, musamman in ana ƙona ɗanyen itace ko ana danne wutar ta riƙa ci a hankali. Ranar da ta kama, rufin gida take bi. Mai sharewa na ba da takardar shaida, kuma ita kamfanin inshora zai fara nema bayan gobara. Tukunyar ɗumama gida mai amfani da gas ko mai ko itace ita ma sai an duba ta kowace shekara. Na'urar jin hayaƙi ta zama dole a kowane gida tun Maris ɗin 2015.

Gidan ƙauye da ba a haɗa shi da babbar magudanar gari ba yana da ramin ruwan dauɗa nasa, kuma wannan shi ne abin da ya fi cinye wa sababbin masu gida kuɗi ba zato. Hukumar SPANC ta yankin, mai sa ido kan irin waɗannan ramuka, ke duba shi, tsakanin dubawa da dubawa ba ya wuce shekara 10. Lokacin sayarwa sai an kawo rahoton da bai kai shekara 3 ba, idan kuma rahoton ya ce ramin bai cika ƙa'ida ba, mai saye na da shekara ɗaya ya gyara. Ramin zamani na gida mai ɗakuna har biyar yana ɗaukar lita 3,000, a ƙara 1,000 a kan kowane ƙarin ɗaki. Ana kwashe shi idan laka ta kai rabi, kuma mai lasisi ne ke kwashewa ya bar rasit. Abin da ke kashe shi bai wuce uku ba: maiƙon kicin da ke toshe bututu, tsumman goge-goge da ba sa narkewa, da yawan zuba sinadarin wanke masai wanda ke hallaka ƙwayoyin da ke narkar da dauɗar. Idan matatar da ke bakin fita ta cushe ba a wanke ba, laka kan wuce ta toshe bututun da ke shimfiɗe a ƙarƙashin lambu, gyaran kuwa sai an tone filin duka.

A kudu, inda gobarar daji ke yawa, gidan da ke cikin mita 200 daga kurmi sai an yi masa sassabe na mita 50 kewaye da ginin, ko da hakan ya shiga filin maƙwabci, bayan an nemi izininsa. Magajin gari na iya mayar da shi mita 100. Kundin dokar farar hula kuma ya ce bishiyar da za ta haura mita 2 a dasa ta aƙalla mita 2 daga iyaka. Rigimar shinge tsakanin baƙo da maƙwabcinsa manomi takan daɗe fiye da bishiyar kanta.

Gidan da ya kwana a kulle

Ruwa na kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, don haka bututun da aka bari cike a ɗakin rufi kan tsage cikin dare ɗaya na sanyi, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai ƙanƙarar ta narke. Kafin a kulle gida ana rufe babban makunnin da ke bayan mita, a buɗe duk famfunan gida tun daga sama har ƙasa su tsiyaye, a zubar da tankin masai, a kashe wutar tankin ruwan zafi kafin a zubar da shi don kada ƙarfen ɗumamawar ya ƙone. Wanda ya fi son barin ɗumi sai ya saita shi a kusan digiri 7. Idan duk da haka bututu ya fashe bayan mita, doka ta taƙaita kuɗin ruwan zuwa ninki biyu na abin da aka saba sha, muddin an kai takardar mai gyaran famfo cikin wata ɗaya da samun sanarwa. Yoyon masai ko na injin wanki bai shiga ba. Kwangilolin inshora da yawa kuma suna janye kariyar sata idan gida ya yi kwana 60 ko 90 babu kowa, sharaɗin da akan binne a tsakiyar takarda.

Danshi shi ne ɗaya abokin gabar. An gina tsofaffin bangayen dutse da kwaɓin farar ƙasa mai barin ruwa ya fita. Baƙon da ya shafe su da siminti ko fentin roba don su yi kyau ya kulle ruwan a ciki ke nan; sai ya hau sama, gishiri ya furto, katakon da ke cikin bango ya fara ruɓewa. Gyaran shi ne a kankare simintin a mayar da farar ƙasa, a share indararo kowace kaka bayan ganye ya zube, a bar kafofin iska a buɗe.

Ma'aikata da rasit

Kafin a ba magini aiki ana karɓar ƙiyasin kuɗi a rubuce, wanda da zarar an sa masa hannu ya zama kwangila. A duba lambar rajistarsa mai alƙaluma 14, a kuma nemi shaidar inshorar da ke lamunce babban aikin gini na shekara 10. Harajin kaya a kan gyaran gidan da ya haura shekara biyu kashi 10 ne maimakon 20, na aikin rage shan makamashi kuma 5.5, amma kayan da mai gida ya sayo da kansa kashi 20 ake biya a kansu. Wanda ya biya wani a ɓoye don arha ya rasa wannan rangwame da lamunin, ya kuma rasa wani abu da ba ya gani sai ranar sayarwa. Ribar gidan hutu ana cire mata harajin kashi 19, a ƙara da kuɗin jin daɗin jama'a, kuma ba ta kuɓuta daga na farkon sai bayan shekara 22 da mallaka, na biyun sai 30. Kuɗin babban gyara ana iya cire shi daga ribar kafin lissafi, amma notaire ba ya karɓar rasit ɗin kantin kayan gini na aikin da mai gida ya yi da hannunsa, sai na kamfani mai rajista da shaidar biya ta banki.