Talabijin ya ƙi kamawa ko yana mutuwa da kansa: tambayoyi da amsoshi

Da yawa daga cikin talabijin ɗin da ake ɗorawa a Keke Napep a kai shagon mai gyara ba su mutu ba. Wani lokaci soket ne, wani lokaci batirin rimot, sau da yawa kuma wutar da muke ba shi ce. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Na danna rimot, ko motsi bai yi ba. Daga ina zan fara?

Fara da duba 'yar fitilar nan ja da ke ƙasan fuskar talabijin. Idan ba ta kama ba, mai yiwuwa wuta ba ta isa cikinsa. Cire filogin ka soka cajar waya a wannan soket ɗin ka gani ko za ta yi caji. In kuwa ta wayar jona wuta ke zuwa, irin mai baki huɗu ko biyar da ake saida wa da araha, cire ta ka haɗa talabijin kai tsaye da bango, don waɗannan wayoyi suna yawan saki daga ciki. Filogi mai ƙafa uku yana da ɗan fiyus a cikinsa, shi ma yakan ƙone, kuma sauya shi ba ya cin kuɗi.

Idan fitilar tana kamawa, to rimot za a tuhuma. Buɗe kyamarar wayarka, ka nufi ƙwayar da ke kan rimot da ita, sannan ka danna kowane maɓalli. Ido ba ya ganin hasken da rimot ke fitarwa, amma kyamara tana nuna shi yana ƙyalli fari-fari ko shuɗi-shuɗi. Wasu wayoyin kyamarar bayansu ba ta kama shi, sai ka gwada ta gaba. In babu ƙyalli, sa sabon batir. Ka kuma laluba maɓallin da ke jikin talabijin ɗin, yawanci a ƙasan tambarin kamfani ko ta baya.

Duk an yi wannan bai tashi ba? Zare filogi daga bango, ka danne maɓallin jikinsa kamar daƙiƙa 30, ka bar shi minti ɗaya ko biyu, sannan ka mayar. Talabijin na zamani kwamfuta ce ƙarama, kuma takan maƙale.

Ina jin sauti, amma fuskar baƙi ƙirin. Gilashin ne ya tafi?

Kada ka yarda da wannan hukunci da wuri. Kashe fitilar ɗaki, kunna talabijin, ka haska tocila dab da gilashin ta gefe. Idan ka hango hoto dishi-dishi yana motsi, gilashinka lafiya lau. Abin da ya mutu shi ne jerin ƙananan fitilun da ke bayansa masu haska hoton. An jera su ne a kan waya ɗaya, shi ya sa in guda ta ƙone sai sauran layin su ɗauke, a wasu samfuran ma talabijin ya kashe kansa don kariya. Ana sauya su, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na gilashi ba. Bayan gyara ka shiga saiti ka rage Backlight, wato ƙarfin hasken waɗannan fitilu, ka fita daga yanayin Vivid ko Dynamic, domin barin hasken a ƙure shi ke saurin cinye fitilun.

Yana aiki lafiya, sai kawai ya mutu bayan wani lokaci. Me ke jawo haka?

Lura da agogo. In kullum bayan tazara iri ɗaya yake mutuwa, ba lalacewa ba ce, saiti ne. Akwai Sleep Timer, mai kashe talabijin bayan lokacin da aka saita masa, wanda yaro zai iya dannawa bai sani ba. Akwai Auto Power Off, wanda a samfura da dama yake kashe talabijin idan aka yi awa 4 ba a taɓa rimot ba. Akwai kuma wanda ke kashe shi bayan 'yan mintuna in babu sigina.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne na'urorin da aka haɗa ta wayar HDMI suna iya ba juna umarni. Samsung na kiran tsarin Anynet+, LG na ce masa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Dikoda ko akwatin wasan yara in ya shiga barci, sai ya ja talabijin su tafi tare. Cire duk wayoyin HDMI ka bar shi shi kaɗai na yini guda. In bai mutu ba, ka gano mai laifi.

Nawa kashe kansa yake yi ya sake kamawa, ba shi da lokaci. Wutar NEPA ce?

A nan ne ya kamata a tsaya. Wutar gida a Najeriya ya kamata ta zama bolt 230, a Nijar ma kusan haka ne. Duba takardar da ke manne a bayan talabijin ɗinka, yawancin na yanzu an rubuta musu 100–240V, ma'ana suna jure raguwar wuta daidai gwargwado. Abin da ba sa jurewa shi ne hawa da sauka: wuta ta faɗi ƙasa da ƙima da magariba lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, ko ta yi tsalle a daidai lokacin da aka kawo ta. Idan ka ga fanka na rage gudu ko ƙwai na lumshewa a daidai lokacin da talabijin ke mutuwa, ba sai ka nemi wata shaida ba.

Ƙaramin janareta ma haka yake. Da zarar firiji ya tashi, ko aka jona dutsen guga ko injin jan ruwa, wutar takan nutse na ɗan lokaci, talabijin ya ɗauke. Masu sola su duba batirinsu, don inbata na yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, musamman can cikin dare.

Mafi muni shi ne wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a kan fol ko a taransifoma. A lokacin wutar da ke shiga wasu gidaje tana iya haurawa kusan bolt 400. Alamarta ƙwai su yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta ɓalle. Ka gani, ka ruga ka kashe babban makunnin gida, kada ka tsaya cire filogi ɗaya-ɗaya.

Idan wuta tsaye take amma matsalar na nan, musamman in yana yin ƙas-ƙas kafin ya kama ko sai an yi ta gwadawa, galibi kafasitoci ne suka gaji, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a kan bod ɗin wuta, allon da ke rarraba wuta a cikin talabijin. Zafi ke kashe su, kansu ya kumbura. Zafin Maris da Afrilu ga ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska na baya, ga ƙyalle da aka lulluɓa masa yana aiki, duk suna gaggauta hakan. Ka share ramukan da busasshen buroshi, ka bar tazara tsakaninsa da bango.

Sitabilaiza zan saya ko abin da ake kira TV guard?

Aikinsu daban. Sitabilaiza tana ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta sauke ta in ta yi sama. Shi kuwa gadin ba ya gyara wuta, yanke ta yake yi in ta wuce iyaka, kuma in an kawo wuta sai ya ɗan jinkirta kafin ya saki. A ganina wannan jinkirin shi ne mafi amfani, domin kaya sun fi ƙonewa a lokacin da aka dawo da wuta. In unguwarku kullum wuta a ƙasa take, haɗa duka biyun. Kuma in an ɗauke wuta, a saba da kashe soket.

Bayan ruwan sama mai tsawa ne ya daina kamawa, alhali a kashe yake.

Kashewa da rimot ba ta raba shi da wuta. Tsawa kuma ba ta soket kaɗai take bi ba, tana shigowa ta wayar eriya ko ta dish, ta ratsa dikoda, ta bi HDMI ta ƙona babban bod. Da damina in hadari ya haɗu, cire filogi da wayar dish duka.

Na sayi na hannu da aka shigo da shi daga waje, ina jonawa ya yi ƙara ya mutu.

Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce. In takardar baya ta ce 120V kaɗai, sai da taransifoma mai sauke wuta. Wanda aka riga aka jona, a mafi yawan lokuta bod ɗin wuta ne ya ƙone, ana iya gyara shi ko sauya shi.

Zan iya kwance bayansa in duba da kaina?

Ban ba ka shawara ba. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe da wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare filogi, tsohon talabijin mai ƙusumbi kuwa yana aiki da dubban bolt. Kwancewa kuma tana soke garanti, don haka in sabo ne ɗauki rasit ka koma inda ka saya. In ka ji ƙauri ko ka ga hayaƙi, kada ka sake kunnawa don gwaji.

Abin da za ka iya yi shi ne taimaka wa mai gyara. In fitilar ja tana ƙiftawa, ƙirga sau nawa take yi kafin ta tsaya ta sake, domin a talabijin ɗin Sony da wasu samfuran adadin ne ke nuna ɓangaren da ya samu matsala. Ɗauki hoton lambar samfurin da ke baya. Ku yi ciniki kafin ya fara aiki, ya gwada a gabanka, kuma ya ba ka tsohon kayan da ya cire.

Yaushe gyara ba ya da riba?

In gilashin ya fashe, ko tawada ta bazu a cikinsa. Kuɗin sabon gilashi yakan kusanci kuɗin sabon talabijin. Ko a hakan kada ka yar da shi, masu gyara suna sayen irinsa don su ciri bod da fitilu.