Shin Addini Ne Tushen Duk Yaƙe-yaƙe?

An daɗe ana cewa addini ne ke haddasa yaƙi, wai da zarar ya gushe sai a zauna lafiya. Gaskiya an zubar da jini da sunansa. Amma yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 kan iko da ƙasa aka yi shi, inda Kiristocin Jamus da na Faransa suka yi ta kashe juna.

Batun gushewa kuwa, ƙasar Albaniya da ke Turai ta haramta addini a 1967, ta rufe masallatai da majami'u. Amma addini bai gushe ba: a 1990 jama'a suka koma ibada a fili.

In an ambata muku wani yaƙi, ku bincika: wa ya samu ƙasa, wa ya hau mulki? Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.